Shawarwari Ga Iyalin Da Za Su Kai Mai Keken Guragu Birnin Sakkwato

Mutumin Turba, Isa ko Sabon Birni idan lalurarsa ta fi ƙarfin asibitin garinsa, Sakkwato ake tura shi: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Ga wanda shan inna, haɗarin mota ko harbin bindiga ya ɗora a kan keke, wannan tafiya tun daga gida ake shirya ta, domin titunan birnin ba a yi su da shi a zuciya ba.

1. A zaɓi keken da ya dace. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi ƙarfi a kan titi, amma ba ya shiga mota cikin sauƙi, kuma ba ya ratsa ƙofar ɗakin likita. Idan asibiti za a je, a nemi keke mai naɗewa, ko da aro ne.

2. A gama magana da direba tun jajibirin tafiya. Maigida ya je tasha da kansa, ya kama kujerar gaba, ya biya kuɗin mutum biyu idan da hali, don kada a matse mai lalurar. A daidaita kuɗin keken kafin a ɗora shi, kuma a tsaya a ga inda 'yan kamasho suka sa shi. Buhun hatsi ɗaya a kansa ya isa ya lanƙwasa taya, alhali keken nan shi ne ƙafar mai shi. Batun hanya kuwa, kowa ya san halin rashin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki. A tambayi direbobin da suka iso ranar, a tashi bayan gari ya waye sosai, kada a yarda da tafiyar yamma. Wanda ba ya iya gudu bai kamata a yi ganganci da shi ba.

3. Kafin a zaɓi gidan da za a sauka, a tambayi faɗin ƙofa, yawan matakala da irin banɗakin. Masai na tsuguno shi ne babbar matsala, don haka a tafi da kujerar roba da aka huda tsakiyarta.

4. A cikin gari a bar kabu-kabu. A ɗauki shatar keke napep, a karɓi lambar direban don ya dawo ɗauka.

5. Wannan ga mai turawa ne. Duk inda za a sauko daga dakali, bakin titi ko gangara mai tsauri, a juya keken a sauko da baya. Idan hawa ne, a taka bayansa ƙananan tayoyin gaba su ɗaga, sannan a tura. Haka ake yi a cikin yashi, domin ƙananan tayoyin ne ke nutsewa. In ta kama a ɗaga keken a tsallake lambatu, mutum biyu su kama ƙarfen jikinsa. Kada a kama wurin ɗora hannu ko wurin ɗora ƙafa, saboda a kekuna da yawa cirewa suke yi. A danna birki duk lokacin da mutum zai hau ko zai sauka.

6. Zafin Sakkwato a watannin Afirilu da Mayu yakan haura maki 40. Masu keke da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun neman banɗaki, wannan kuma yana jawo ciwon mafitsara. A ba su ruwa, a nemo musu wurin kewayawa cikin sutura. Dogon zama shi ma yana haifar da gyambo a mazaunai, musamman ga wanda ba ya jin taɓi a ƙasan jikinsa. A sa matashin zama mai kauri, mai keken ya riƙa ɗagawa ko karkatawa aƙalla duk rabin awa, da dare kuma a duba fatar. Jan da ya ƙi ɓacewa a nuna wa likita.

7. Famfo, sifana da ɗan man keke su shiga jaka. Mai gyaran keke ko mai faci na bakin titi zai iya yawancin gyaran.

8. A san haƙƙi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara saurarensu a kan layi. Ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keke, wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu matakala ce ke tarbar mutum a wurare da dama. A yi wa ma'aikacin da ke kula da layi magana cikin ladabi, ba tare da jin ana roƙon alfarma ba.

9. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ake mayar da mai keke kamar kaya. Likita ya yi tambaya, ɗan rakiya ya amsa. Wani ya miƙo masa sadaka bai roƙa ba. Ɗan rakiya ya koyi cewa, "Ga Baba nan, tambaye shi," ko "Inna za ta yi bayani da kanta." Katin asibitinsa, kuɗinsa da wayarsa su zauna a hannunsa. Kuma 'yan'uwa, kafin ku kama keken ku tura, ku tambaye shi ina yake son zuwa.