Alamtarwa a Waƙoƙin Lahira na Ƙarni na 19: Nazarin Hoton Godabe da Mari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda marubuta waƙoƙin wa'azi na Daular Sakkwato suka yi amfani da alamtarwa wajen siffanta lahira, tare da fayyace iyakar da ya kamata manazarci ya tsaya a kanta.

1.0 Gabatarwa

Siffanta makomar ɗan Adam bayan mutuwa tsohon jigo ne a adabin duniya. Abul Ala'il Ma'arri ya rubuta Risalatul Gufran a ƙarni na 11, shi kuwa Dante na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1321, ya tsara doguwar waƙarsa kashi uku: wuta, matsarkaka da aljanna. A 1919 masanin nan na Sifen, Asin Palasiyos, ya kawo hujjojin cewa ƙissar Mi'iraji ta yi tasiri a kan Dante. A ƙasar Hausa, wannan jigo ya bunƙasa a hannun malaman jihadi, musamman Nana Asma'u (1793–1864), 'yar'uwar Muhammadu Buhari wanda zuriyarsa ke sarautar Tambuwal.

2.0 Godabe

A waƙarta Godaben Gaskiya ta 1842, Asma'u ta ɗora saƙonta kan kalmar da kowa ya sani. Godabe shi ne faffaɗar hanyar da fatake da dabbobi suka tattake har ta fito fili. Mutumin Sanyinna ko Kebbe da ya saba fatauci ya san cewa wanda ya saki godabe ya kutsa daji, ɓata ko ƙishirwa ke jiransa. Saboda haka sunan waƙar ya ƙunshi ma'anoni biyu: shari'a hanya ce bayyananna, kuma wanda ya kauce mata da ganganci ya kauce. Bayanin azabar wuta da ni'imar aljanna da ke cikin waƙar ya zama bayanin inda kowace hanya ke ɓullewa. Wannan sauƙin hoto ya dace da matan karkara da jajis na 'Yan Taru ke karantarwa da ka.

3.0 Mari

Waƙar Baƙin Mari, wadda ake danganta wa Muhammadu Tukur, ta ɗauko hotonta daga ƙarfen da ake ɗaure ƙafar mai laifi da shi. Mai mari yana motsi, amma ba ya nisa. Ana iya fahimtarsa a matsayin zunubin da ke hana bawa saurin tuba, ko kuma ita waƙar kanta, wadda ke ɗaure mai sauraro da tsoron Allah don kada ya ƙetare iyaka.

4.0 Iyakar Alamtarwa

A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe. Dante shi ya ƙago tafiyarsa, ya zaɓi mawaƙi Bajil ya zama jagoransa, kuma masana da yawa na fassara Bajil da hankalin ɗan Adam. Malaman Sakkwato ba su ƙago taswirar lahira ba. Daga Alƙur'ani da Hadisi suka ɗauko ta. A aƙidarsu ta Ahlus Sunna, tambayar kabari da Mizani da Siraɗi haƙiƙa ne, ba kinaya ba. Wanda ya fassara Siraɗi a waƙoƙinsu da cewa alama ce kawai ta wahalar rayuwa ya jingina musu abin da ba su nufa ba.

5.0 Kammalawa

Alamtarwar waɗannan waƙoƙi tana cikin kayan duniya da aka aro, kamar godabe da mari, domin kusanto da gaibu ga fahimtar mai sauraro. Don haka wajibi ne manazarci ya fara rarrabe abin da marubuci ya aro daga muhallinsa da abin da ya ɗauko daga nassi kafin ya shiga sharhi.