An Ce Fararen Ƙwayoyin Jinin Ɗana Sun Yi Ƙasa

Likita, ɗana mai shekara uku ya kwana biyar yana zazzaɓi, daidai lokacin da muke girbin masara. Na sayo magani kala uku a kemis, jikin bai yi sanyi ba. Da muka je asibiti a Malumfashi aka ɗebi jini, aka ce fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa. Maƙwabciyata ta ce haka sankarar jini ke farawa, tun ranar ban runtsa ba. Jiya dai ya sha kunu, har ya fita tsakar gida yana bin kaji. Yaya zan yi?

Maman yara, daga Kafur

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Yaron da ya sha kunu ya bi kaji alamar sauƙi ce babba, don mukan duba yaro kafin mu duba takarda.

Fararen ƙwayoyin nan su ne dakarun jiki, kuma sukan ragu na ɗan lokaci idan cuta ta kama. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, musamman daga damina zuwa kaka, sai ƙyanda, mura, taifot da tamowa. Magunguna irin su Septrin ma suna rage su, saboda haka ki tattara kwalaben kemis ɗin ki nuna wa likita. Sannan da yawa daga mutanen Afirka ta Yamma, nau'in fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil bai da yawa a jininsu tun haihuwa, kuma lafiyarsu ƙalau.

Ki tambayi adadin nutrofil ɗinsa. Idan ya gaza 500 a kowace maikurolita, kuma zafin jiki ya kai 38, kwantar da shi za a yi a fara allura nan take. Idan adadin nutrofil ɗin ya haura 500, a gwada maleriya a yi magani, a sake awon jini bayan mako biyu zuwa huɗu.

Amma kada ki jira gari ya waye idan ya ƙi ci da sha, ko ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi sauri, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko dasashi na zubar da jini. Ki garzaya Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtua. In awo na biyu bai gyaru ba, ki nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya, inda masana jini za su bincika. Ba a yanke hukuncin sankara da awo ɗaya, 'yar'uwa. Ki ci gaba da dama masa kunun, ki sa shi cikin gidan sauro.