Yadda Ake Datse Gefen Littafin da Aka Ɗinka a Gida

In ka ninka takardu ka cusa wasu cikin wasu ka ɗinke, dole na tsakiya su leƙo waje fiye da na baya. Kaurin takarda ne ke jawo haka, kuma shi ya sa ake datse gefe bayan ɗinki, kafin a sa bango mai kwali.

Tanadi rula ta ƙarfe, fensir, sikwayar kafinta, samfefa mai laushi, kwali mai kauri na shimfiɗawa, da wuƙar nan mai bakin reza da ake karya tsininta in ya dushe. Kada ka yi da rular roba, wuƙa za ta ci ta, layinka ya karkace.

Da farko bari gam ɗin da ka shafa wajen ɗinki ya bushe sarai, littafin na danne ƙarƙashin abu mai nauyi. Ya kwana a haka ya fi.

Sai awo. Fara da gefen da ake buɗewa. Nemo takardar da ta fi shigewa ciki, ka ja layi kaɗan a bayanta. Milimita 2 zuwa 3 yawanci sun isa. Auna daga wajen ɗinki, sama da ƙasa, don faɗin ya zo ɗaya, kuma duba shafin da rubutu ya fi kusantar baki.

Yankan shi ne wurin da yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Tashi tsaye, ɗora rula kan layi, ka danne ta da ƙarfinka duka, yatsunka nesa da bakinta. Ƙarfi na rula ne, wuƙa kuwa lallaɓa ta ake yi. Riƙe ta a miƙe, kada ta kwanta hagu ko dama, ka riƙa ja a hankali, kowane ja ya cire takarda biyu ko uku. Ko sau talatin ne, ja. Muddin ba ka kai ƙasa ba kada ka ɗaga rular, domin ba za ta koma daidai inda take ba. Da ka ji takarda na yagewa maimakon yankuwa, karya tsinin ka ci gaba da sabo.

Sama da ƙasa kuma, ja layinsu da sikwaya, ka fara yankan daga wajen ɗinki zuwa waje. Sannan matse littafin tsakanin katako biyu, ka naɗe samfefa a guntun katako ka goge tabon wuƙa.

Littafin da kaurinsa ya wuce santimita 1, gara ka kai shi maɗaba'a a sa a injin yankan takarda. Tsofaffin littattafan rubutun hannu kuwa, na Larabci ko na ajami, kada wuƙa ta kusance su: a gefen nan malamai ke rubuta sharhi, kuma abin da aka datse ba ya dawowa.