Me Ya Sa Ungozoma Take Ɗaukar Hoton Katin Awonki?

Sau da yawa mata masu zuwa awo kan yi mamaki idan suka ga ungozoma ta ciro waya tana ɗaukar hoton katinsu. Wasu har sukan zaci hira take yi, alhali shawara take nema. A yau ma'aikatan ƙananan asibitoci da dama suna da zaure a WhatsApp inda suke tuntuɓar juna da kuma likitocin manyan asibitoci.

Bari mu ɗauki misali. Mace mai cikin wata takwas ta zo awo daga Gadanya ko Kiyawa a Ƙaramar Hukumar Bagwai, fuskarta a kumbure, kanta na ciwo, tana gani dishi-dishi. Aka auna jininta, ya hau har 160/110. Wannan alama ce jijjiga na iya biyowa baya, kuma takan halaka uwa da abin da ke cikinta. A da, sai a rubuta 'yar takarda a miƙa wa maigida, su kama hanyar Bichi ko Kano ba wanda ya san da zuwansu. Yanzu ungozoma na iya tura awon nan take, likita ya ba da umarnin a fara yi mata allurar hana jijjiga, wato magnesiyam salfet, kafin a sa ta a mota. Can kuma a tanadi gado.

Haka ma zubar jini bayan haihuwa. Idan ya kai rabin lita akwai haɗari, kuma in ba a tsayar da shi ba yana iya kisa cikin awa 2. Saƙo ɗaya ya isa a fara neman jinin da ya dace da nata tun suna hanya.

Sai dai sirrinki haƙƙinki ne. Ya kamata a nemi izininki, a rufe sunanki kafin a tura hoton. In ba a yi ba, ki tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Maigida kuma, a lura: waya takan rasa sabis ko caji, likita kuma yana iya kasancewa a ɗakin tiyata. Idan an ce a tafi babban asibiti, kada a zauna jiran amsa. A tanadi lambar direba da kuɗin mota tun cikin yana wata bakwai, a kuma tafi da katin awo da ɗan'uwan da zai iya ba da jini.