Amsar Tambaya: Ina bambancin "contiguous" da "adjacent"?

Tambaya: Malam, a takardar filaye biyu da za mu saya an rubuta "contiguous". Ma'anarta ɗaya da "adjacent"?

Amsa: 'Yar'uwa, gara da kika tambaya kafin ki sa hannu. Kalmar "contiguous" daga Latin ta fito, kuma tana nufin abubuwan da suka taɓa juna, iyakarsu ɗaya, ba komai a tsakani. Shi ya sa Amurkawa ke kiran jihohinsu 48 da ke manne da juna "contiguous states". Alaska ba ta ciki don Kanada ta shiga tsakani, Hawai kuwa tsibirai ne can cikin tekun Pasifik.

"Adjacent" ta fi sassauci. Gidan da ke kusa da naki ana iya kiransa haka ko da lungu ya raba ku. Idan kuwa katanga ɗaya kuke, "adjoining" ta fi dacewa.

A harkar fili wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Je ki da mai auna fili ku duba turakun iyaka da idonku. In kwata ko 'yar hanya ta ratsa tsakanin filayen, a gyara takardar kafin ki biya ko sisi.