Amsoshin Tambayoyinku: Ingarmana Yana Kawo Mini Cizo Idan Zan Sa Masa Ragama

TAMBAYA: Malam, ina da ingarma ɗan shekara 4 da na saya bayan Babbar Sallah. Yana da daɗin hawa, ba ya harbi, amma da na ɗauko ragama sai ya kwantar da kunne ya kawo mini cizo. Ya taɓa kama ni a damtse har wurin ya kumbura. Yaron da ke kula da shi ya ce a riƙa tsula masa bulala a hanci har ya daina. Mun gwada, amma abin sai gaba yake yi. Ina mafita? Daga wani makaranci a Zariya.

AMSA: Allah ya ƙara kiyayewa. Da farko dai a rataye bulalar nan. Dokin da ake duka a fuska abu ɗaya yake koya: duk hannun da ya nufo kansa da sharri ya zo. Gobe in ka miƙa hannu, ko ya fizge kai sama, ko ya riga ka kai hari.

Akwai abin da na kama a wasiƙarka. Ka ce ba ya harbi, yana hawuwa lafiya, rigimar ba ta tashi sai an zo kan ragama. Mugun doki ba ya zaɓen lokaci haka. Wannan ya fi kama da dabbar da wani wuri ke yi wa ciwo a ka, ko wadda aka taɓa azabtarwa ta nan.

Fara da baki, domin shekarunsa sun sa na zargi haƙori. Daga shekara 2 da rabi zuwa wajen 4 da rabi doki yana famfara, yana zubar da haƙoran nono, kuma tsakanin shekara 4 da 5 ne hauren ingarma ke fitowa. Dasashi na yi masa tsami a wannan lokaci. Ga wani abu kuma da masu doki da yawa ba su lura da shi ba: muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoran tauna kuma ba sa daina tsirowa, don haka gefensu na waje yakan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu daga ciki. Daidai wannan wurin igiyar ragama ke bi. Kai kana ganin ɗan ja kawai ka yi, shi kuwa an danna masa gyambo ne a kan tsini. Duba ƙasan kominsa. In kana ganin curin harawa da ya tauna ya zubar, ko ƙwayar dawa na fita ɗungurungum a kashinsa, ko bakinsa na wari, to ka kira likitan dabbobi ya goge kaifin da magagari. Tun da a Zariya kake, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Kada ka zura hannu cikin bakinsa da kanka.

Sai kunne. Kaska na shiga can ciki ta lafe, ƙananan ƙudaje kuma na cizon fatar ciki har ta yi fari-fari tana ɓambarewa. Shafa ƙeyarsa da bayan kunnuwa ka ji ko akwai kumburi ko wurin da igiya ta ci. Igiyar leda mai kaushi ta fi yin wannan ɓarna. Ka tambayi wanda ya sayar maka yadda yake yi masa ɗura. Al'adar murɗe kunnen doki don a ba shi magani ta lalata dawakai da yawa, domin doki ba ya saurin mance azabar da ya sha a kunne, ko da ya koma hannun wani.

In an duba duk wannan an samu lafiya ƙalau, sai a koma kan yadda kake tunkararsa. Idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa, ko wanda ke bayan wutsiyarsa. Mai zuwa gaba da gaba, ragama a ɗage, ya jefa hannu ne inda dokin ba ya gani, ya kuma ajiye ƙirjinsa daidai bakin dabba. Zo ta hagu, kana yi masa magana, ka tsaya jikin kafaɗarsa, ku fuskanci wuri ɗaya. Sosa masa gindin wuya, inda geza ta ƙare, nan ne dawaki ke sosa wa junansu. Sannan ka ɗora igiya a wuyansa ka riƙe bakinta biyu da hannun dama. Yanzu kansa na hannunka tun ba ka taɓa fuskarsa ba. Gwiwar hannunka na hagu ta kasance a ɗan ɗage tsakaninka da bakinsa. In ya juyo da niyyar cizo, shi zai bugi ƙashi da kansa, ba kai ka doke shi ba, kuma doki ya san bambancin.

Kada ka nemi gama komai a yini guda. Taɓa shi da ragamar a wuya. In ya tsaya cik, janye hannunka nan take. Janyewar ita ce ladarsa. Ka sake, ka matsa kusa da kumatu, ya natsu, ka janye. Inda mutane ke kuskure shi ne su ja da baya lokacin da ya kwantar da kunne. In ka yi haka ka koya masa cewa barazana na korar ragama. Tsaya inda kake, hannu na wurin, sai ya sassauta kunne tukuna ka ɗauke. Minti 10 da safe, 10 da yamma sun fi awa guda ta kokawa. In ragamarka mai maɓalli ce, kwance ta ka zura hanci kawai, ka zagayo da madaurin ta bayan kunne, kada ka tura ta bisa kunnuwan. Ka bar sararin yatsa biyu tsakanin igiya da hancinsa.

To in ya kai cizon fa? Tsawa ɗaya mai ƙarfi, "Kai!", a daidai lokacin, ka girgiza igiya ka sa ya ja da baya taku uku ko huɗu, sannan ka ci gaba da aikinka kamar ba a yi komai ba. Horon da ya zo bayan ka je ka nemo bulala, doki ba ya haɗa shi da laifin. Kuma kai da yaron nan ku daidaita hannu, kada ɗaya na lallashi ɗaya na duka.

A daina ba shi rake ko dusa a tafin hannu, a zuba a komi. Ingarma matashi da baki yake wasa da 'yan'uwansa, in ya saba samun daɗi a hannun mutum zai riƙa lalube, lalube kuwa ƙanen cizo ne. Na wasa za ka ga kunnuwa a tsaye, leɓe na motsi. Na gaske kunne a manne da wuya, hanci a tattare, wuya a miƙe.

Ina kuma so ka duba zamansa. Allah ya halicci doki ya wuni yana tafiya yana kiwo, wajen awa 16 a yini, ciki ƙarami, ci kaɗan-kaɗan. Mu kuwa mukan ɗaure shi a turke, mu cika shi da gero da dawa don ya yi ƙiba a ranar hawa, ba a kwance shi sai za a sa masa linzami mai ciwo. Ƙarfi ya taru ba inda za shi, hatsi mai yawa ba isasshiyar ciyawa kuma na iya jawo gyambon ciki, wanda ke sa doki saurin fushi. Rage hatsi, ƙara harawa da ciyawa, a fita kilisa kullum. Wani lokaci ka sa masa ragama don kawai ka ja shi ya ci ɗanyar ciyawa ku dawo. Ka fara yanzu, ba sai Sallah ta ƙarato ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa yana kawo sura da baki buɗe, ko yana miƙewa da ƙafafun baya yana sara da na gaba, abin ya wuce gyaran mutum ɗaya. Nemi tsohon hannu a harkar barga ya tsaya maka, a hana yara zuwa turkensa. Na san mutanenmu ba sa son jin zancen dandaƙa, amma ga dokin da ba za a yi iri da shi ba, ka tattauna da likita a kai.

Damtsen naka kuma, in haƙori ya huda fata, a wanke da ruwa da sabulu sosai, ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus, domin ƙwayar cutar na zama a kashin dawaki da ƙasar barga. Dokin da yake lafiya lau sai rana ɗaya ya birkice, yana cizon turke da jikinsa, yana dalalar da yawu, ba a kusantarsa. Yana iya zama haukan kare ne, domin yana kama doki. A kira likita nan da nan, wanda aka ciza kuma ya tafi asibiti a ranar.