Gidan Haya da Wuta da Ruwa a Ciki: Ku Duba Takarda Kafin Ku Biya

Sana'ata kula da gidajen haya ce a Abuja, musamman benayen Wuse 2 da Garki, irin waɗanda ake cewa wuta da ruwa da gadi da kwashe shara duk suna cikin kuɗin haya. Tsari ne mai kyau ga ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ko mai iyalin da ba ya son wahalar neman dizal da tankar ruwa. Sai dai yawancin rigimar da ake kawo mini sulhu daga irin waɗannan gidaje take fitowa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yi alƙawari da baki, ba a rubuta iyakarsa ba.

Wuta ce uwar matsalar. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Wannan rukuni shi ne aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma benaye da yawa na tsakiyar gari a kansa suke. Maigidan da ya karɓi kuɗin shekara a Janairu sai ya wayi gari lissafinsa ya rushe. Wani ya rage awannin janareta, wani ya aiko wa 'yan haya takardar neman ciko, wani kuma ya kafa wa kowane ɗaki ƙaramar mita ba tare da shawara da kowa ba. Ban ce duka mugunta ba ce, domin asarar gaskiya ce. Amma ɗan hayan ma da guminsa ya biya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ofishinmu da takardar yarjejeniyarta. Layi ɗaya ne kawai a kan batun: an haɗa da wuta da ruwa. Aikin dare take yi, da rana take barci. Janaretan gidan kuwa sai bayan magariba ake tayar da shi, a kashe da asuba. Idan aka ɗauke wuta da azahar cikin zafin Maris, haka za ta kwanta a hawa na huɗu ba ko fanka, alhali ta biya kuɗin shekara cif. Na ce mata, "Hajiya, ba a karya miki alƙawari a takarda ba, don ba a rubuta awa ko ɗaya ba." Abin ya tsaya mini a rai sosai.

Saboda haka, kafin ka tura ko kwabo, ka sa a rubuta daga ƙarfe nawa zuwa nawa janareta ke aiki, kuma ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da hita. Ka tambaya ko akwai adadin yunit da in ka wuce za ka biya da kanka. Mafi muhimmanci, a fayyace wa zai ɗauki nauyi idan farashin wuta ko dizal ya tashi a tsakiyar shekara.

Ruwa ma ka bincika: na hukumar ruwa ne ko na burtsatse? In na burtsatse ne, to shi ma da wuta ake tura shi sama. Ka je gidan da rana, ka sake komawa da dare. Ka buɗe famfon banɗaki da hannunka, ka ɗan zauna da maigadi, ka gaisa da wani ɗan haya. Su ne za su faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka kuma tabbatar babu tsohon bashin kamfanin wuta na AEDC a kan mitar gidan.

A rasidi, a raba kuɗin haya da kuɗin hidima da kuɗin ajiya, kowanne da layinsa. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki, saboda ranar neman kuɗin ajiyarka.

'Yan'uwana dillalai, mu ji tsoron Allah, mu daina cewa "ai babu matsala" don kawai a rufe ciniki. Ku kuma masu neman gida, kuɗin da za ku ba lauya ya karanta muku takarda bai kai rabin abin da za ku yi asara ba. Don Allah ku isar da wannan ga duk wanda kuka san yana neman haya.